Ciwon Wuyan Hannu Da Motsin Da Ke Rage Shi: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya

 

Kwamitin jin daɗin jama'a ne ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wani ciwo da ake yawan kuka da shi a tsakaninmu, wato ciwon nan na wuyan hannu da ke sa yatsu su riƙa yin minjirya, su mutu, mutum ya kasa barci. Mu dai 'yan kasuwa ne kamar ku. Abin da za mu faɗa mun tattaro shi ne daga abin da likitocin ƙashi da ma'aikatan sashen gashin ƙashi suke koya wa masu wannan ciwo, muka mai da shi cikin harshenmu don kowa ya amfana.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya baro gida ya zo nan neman abinci, hannunsa ne jarinsa na farko. A gida in hannu ya gaza akwai gandu, akwai dangi a kewaye. A nan kuwa kuɗin haya da kuɗin makarantar yara da na shago ba sa jiran kowa ya warke. Mahaucin da wuƙa take suɓuce masa, ko mai ɗinkin hular da ya daina jin allura a tsakanin yatsunsa, ko mai kitson da ba ta iya gama kai ɗaya sai ta huta sau biyar, ai kun san abincin gidansu ne ya fara taɓuwa.

Yadda ciwon yake

Yakan fara ne a hankali, galibi da dare. Mutum yana barci sai ya farka ya ji hannunsa ya yi nauyi, yatsu suna tsira kamar ana soka masa allura, ko kamar kiyashi na tafiya a ciki. Sai ya tashi ya yarfe hannun, ya ji ya ɗan sake shi, ya koma barci. In abin ya ci gaba sai ya fara zuwa da rana, lokacin riƙe waya a kunne, ko kan babur, ko sitiyarin mota. Wani lokaci zafin yakan hau har sangalin hannu. Daga baya sai ɓalla maɓallin riga ya zama aiki, tsintar canji a kan tebur ya gagara, kofin shayi ya riƙa faɗuwa ba tare da mutum ya san ya sake shi ba.

Mu dai mukan ce sanyi ne, ko gajiya, ko an kwanta a kan hannu. To a asibiti sunansa kafal tanel, kuma yana da kyau mu riƙe sunan saboda ranar da za mu ji shi a bakin likita. Da Hausa sai mu ce matsewar jijiyar wuyan hannu.

Sai dai Bahaushe abu uku yake kira jijiya, dole mu rarrabe su kafin mu ci gaba. Akwai jijiyar jini. Akwai agara, farar igiyar nan mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi, wadda mahautanmu suka fi kowa saninta. Sannan akwai jijiyar saƙo, wadda ke kai labarin zafi da sanyi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa, ta kuma kawo wa tsoka umarnin motsi.

Hannun ɗan Adam ƙasusuwa 27 ne, 8 daga ciki ƙanana ne da ke jere a wuyan hannu. Waɗannan 8 ɗin sun yi kwari kamar kwalbati, sannan wani tantani mai kauri da tauri ya rufe su ta ɓangaren tafin hannu. Ta cikin wannan 'yar kwalbatin agara 9 suke wucewa, masu lanƙwasa yatsu, tare da jijiyar saƙo guda 1. Wurin a cike yake, kuma ba ya buɗewa, don ƙasa ƙashi ne, sama tantani ne marar miƙewa. Saboda haka da zarar rigar agarar nan ta kumbura, ko ruwa ya taru, wadda ta fi laushi a cikinsu ita ke shan matsa, wato jijiyar saƙon. Jinin da ke ciyar da ita sai ya ragu, sai ta fara aika saƙon ƙarya, shi ne minjiryar da muke ji.

Wannan jijiya ita ke ba da ji ga babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin yatsan zobe na ɓangaren babban yatsa. Ƙaramin yatsa ba nata ba ne, jijiyarsa daban take. Ita ce kuma ke riƙe da tudun naman nan na gindin babban yatsa, wanda da shi muke tsinke da damƙa. Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

Ciwon ba sabo ba ne. Wani likitan fiɗa a Landan, James Paget, ya yi bayanin matsewar wannan jijiya tun a 1854, a jikin wanda ya karye a wuyan hannu. Wanda ya sa duniya ta san shi sosai kuwa shi ne George Phalen na birnin Cleveland a Amurka, wanda ya fara rubutu a kansa a 1950, sannan a 1966 ya fitar da bayanin hannaye 654 da ya duba cikin shekara 17.

Su wa ya fi kamawa

Ya fi kama mata, kusan ninki 3 na maza, kuma ya fi yawa daga shekara 40 zuwa 60. Mai juna biyu takan same shi a watannin ƙarshe saboda ruwan da jiki ke tarawa, kuma sau da yawa yakan tafi da kansa bayan haihuwa. Mai ciwon suga, da mai ƙiba, da mai amosanin gaɓɓai, da wanda ake yi wa wankin ƙoda, da wanda ya taɓa karaya a wuyan hannu, duk sun fi kusa da shi. Haka wanda halittar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo ta yi masa rauni a aiki. Wasu kuma gado ne, an halicce su da ƙaramar kwalbati.

Ta ɓangaren sana'a, abin da ya fi jawo shi shi ne aiki mai maimaici da ake yi da ƙarfi, da riƙe abu mai jijjiga, da aiki hannu a lanƙwashe na tsawon lokaci, musamman cikin sanyi. In muka duba unguwarmu za mu ga mahauta da 'yan tsire, masu daddatsa daskararren kifi, teloli masu yini da almakashi, masu surfani da ɗinkin hula, masu gyaran takalmi, masu ɗaurin huhun goro, 'yan acaɓa da masu injin markaɗe, da 'yan canji masu yini suna ƙirga. A cikin gida kuma ga daka, ga tuƙin tuwo, ga matse wanki, ga matsar man ƙuli-ƙuli. Yawan danna waya da kwamfuta yana gajiyar da hannu kuma yana iya tayar da ciwon ga mai shi, amma hujjar da ake da ita ta fi ƙarfi a kan aikin ƙarfi da jijjiga.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi da likita kan yi, kuma kowa na iya jarrabawa. Na farko, a haɗa bayan hannu da bayan hannu a gaban ƙirji, yatsu suna kallon ƙasa, wuyan hannu a lanƙwashe, a tsaya haka har minti 1. In minjirya ta taso a yatsun nan uku da rabi, alama ce. Wannan gwajin Phalen ne. Na biyu, a ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannu ta ciki da ɗan yatsa a hankali. In aka ji kamar wuta ta ja har cikin yatsu, ita ma alama ce. Wannan kuma sunan wani likitan Faransa aka sa masa, Jules Tinel, wanda ya bayyana shi a 1915 yana duba sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya. To amma alama ce kawai, hukuncin yana hannun likita.

Jama'a, ba kowane mutuwar hannu ne wannan ciwo ba. In ƙaramin yatsa ne ke mutuwa, galibi matsalar tana gwiwar hannu. In ciwon yana saukowa daga wuya ta kafaɗa, to a duba ƙashin wuya. In tafin ƙafa biyu ne suka fara zafi da mutuwa, a auna suga. In akwai tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, a je a duba kuturta, maganinta kyauta ne kuma ana warkewa. Abin da ya fi duka gaggawa shi ne hannu ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko ƙafar wannan ɓangaren ta yi nauyi. Wannan shanyewar ɓarin jiki ce, babu zancen motsa hannu ko jiran gari ya waye, a ɗauki mutum sai asibiti nan take.

Motsin da ake koyarwa

Hikimar motsin ita ce, agara da jijiyar saƙo an yi su ne don su riƙa zamewa gaba da baya a cikin kwalbatin nan duk lokacin da yatsu suka motsa. In wurin ya kumbura sai zamewar ta ragu, su fara mannewa. Motsi mai laushi yana taimaka musu su ci gaba da zamewa, ruwan da ya taru ya ragu, jini ya zagaya. Likitocin hannu na birnin Philadelphia a Amurka ne suka tsara motsin agara a 1985, na jijiyar saƙo kuma a 1991, kuma har yau su ake koyarwa a sashen gashin ƙashi.

Kafin mu fara, ga ƙa'ida guda: ja kaɗan ake so a ji, ba zafi ba. In minjirya ta ƙaru kuma ba ta kwanta ba bayan 'yan mintoci, to an wuce gona da iri, sai a rage ƙarfi ko a rage adadi. In duk da haka tana ƙaruwa, a dakata. Jijiyar saƙo ba tsoka ba ce da za a ce wahala na ƙara mata ƙarfi. Yana da kyau kuma a fara tsoma hannu cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15. Amma fa a gwada ruwan da gwiwar hannu tukuna, domin yatsan da ya mutu yana iya ƙonewa bai sani ba, musamman ga mai ciwon suga.

To, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa mu yi tare.

Na ɗaya, miƙe wuyan hannu baya. Mu miƙe hannu gabanmu, gwiwar hannu a miƙe, yatsu sama, tafi yana kallon gaba, kamar ɗan sanda ya tsai da mota. Sai mu sa ɗaya hannun a kan tafin mu jawo shi wajenmu a hankali, har mu ji ja a cikin sangalin hannu. Mu ƙirga 1 zuwa 15 ba da sauri ba, mu saki. Sau 5, sannan mu koma ɗaya hannun.

Na biyu, lanƙwasa shi gaba. Hannu a miƙe kamar ɗazu, amma yanzu yatsu su kalli ƙasa. Mu dafa bayan hannun da ɗaya hannun mu jawo shi wajenmu har mu ji ja ta bayan sangali. Sakan 15, sau 5. A yi hattara da wannan, don zamansa ya yi kama da gwajin da muka faɗa ɗazu. Wanda ya ji yatsu sun fara tsira, ya saki tun kafin lokaci ya cika. Waɗannan biyun ana iya yin su har sau 4 a yini, kuma sun fi amfani gab da fara aiki.

Na uku shi ne zamar da agara, kuma zama biyar ne. A ɗaga hannu a gaban fuska, wuyan hannu a miƙe sak, kada ya karkata gaba ko baya. Zama na farko, yatsu a miƙe a haɗe suna kallon sama. Na biyu, a lanƙwasa gaɓoɓi biyu na saman yatsu kawai, gaɓar gindi tana miƙe, hannu ya zama kamar ƙugiya, irin riƙon da ake yi wa mariƙin bokiti. Na uku, a dunƙule gaba ɗaya kamar ɗan dambe, babban yatsa a kan sauran, amma ba da ƙarfi ba. Na huɗu, a lanƙwasa gaɓar gindi kawai, yatsu a miƙe, su kwanta kamar kanta. Na biyar, daga nan a lanƙwasa gaɓar tsakiya har kan yatsu ya taɓa ƙasan tafi kusa da wuyan hannu, gaɓar ƙarshe tana miƙe. Tsakanin kowane zama da na gaba a koma a miƙe yatsu. Kowane zama sakan 3, a zagaya sau 5 zuwa 10, sau 2 ko 3 a yini.

Na huɗu shi ne zamar da jijiyar saƙo, wannan kuma mataki shida ne, kowane yana hawa kan wanda ya gabace shi. A manna gwiwar hannu a jikin haƙarƙari. Mataki na farko, a dunƙule hannu, wuyan hannu a miƙe. Na biyu, a buɗe yatsu su miƙe, babban yatsa yana manne da manuni. Na uku, a tanƙwara wuyan hannu da yatsu baya. Na huɗu, ana nan a haka a ware babban yatsa gefe. Na biyar, a juya hannun tafi ya kalli sama, kamar mai tallan da ya ɗora faranti a tafinsa. Na shida, a sa ɗaya hannun a ja babban yatsan baya kaɗan. Kowane mataki a tsaya sakan 3 zuwa 7, a yi zagaye 10 zuwa 15 a yini, kuma ana iya rarraba su safe da yamma. Wanda ya ji tsira a mataki na huɗu, to ya tsaya a na uku na wasu kwanaki kafin ya ƙara gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar, a haɗa tafi da tafi a ƙarƙashin haɓa, a sauke su a hankali zuwa wajen cibiya ba tare da sun rabu ba, har a ji ja a sangali. Sakan 15, sau 3.

Na shida shi ne mafi sauƙi, yarfe hannu kamar wanda ya wanke hannu bai sami tawul ba. Ana yin wannan a tsakiyar aiki na 'yan sakanni, a haɗa da juya kafaɗu baya sau 10, domin jijiyar nan daga wuya ta taso ta bi ta kafaɗa kafin ta iso hannu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a bari. Wasu sukan sayi ƙwallon roba ko ƙarfen nan mai sifirin su yini suna matsawa wai don hannu ya yi ƙarfi. Damƙa mai ƙarfi tana ƙara matsi a cikin kwalbatin, don haka muddin yatsu suna minjirya a ajiye wannan sai ciwo ya lafa.

Duka motsin nan ba ya cin dogon lokaci. Wanda yake tsoron mantuwa ya ɗaura shi da lokacin da ba ya wuce shi, misali bayan Asuba, bayan Azahar, da bayan Isha'i kafin kwanciya. A dage mako 3 zuwa 4 ana lura, ko farkawar dare ta ragu, ko riƙo ya gyaru.

Abin da ke tafiya tare da motsin

Na farko shi ne ɗaurin dare. Yawancinmu in muna barci mukan naɗe hannu a ƙarƙashin kai ko ƙirji, wuyan hannu ya kwana a lanƙwashe, shi ya sa ciwon ya fi tashi da dare. Akwai maɗaurin wuyan hannu mai ɗan ƙarfe a ciki da ake sayarwa a manyan kemis, aikinsa kamar na karan ɗori ne, ya hana gaɓar lanƙwashewa. A sa shi kowane dare na mako 4 zuwa 6 kafin a yanke masa hukunci. A lura, wasu sukan zo da ƙarfen a tanƙware baya, sai a miƙar da shi yadda hannu zai kwanta sak. Kada a ɗaure tamau har jini ya tsaya. Wanda bai samu ba yana iya naɗa ƙaramin tawul a wuyan hannu ya ɗaure shi sako-sako kafin ya samu.

Na biyu shi ne gyara yadda muke aiki. In mun yi motsin minti 10 sannan muka koma muka yi awa 10 muna abin da ya jawo ciwon, ai ɗiban ruwa ne da kwando. Mahauci ya riƙa wasa wuƙa a kai a kai, don dakusasshiyar wuƙa ita ke cin ƙarfin hannu. Ƙotar da ta yi siriri, ta wuƙa ko ta muciya ko ta basilla, a naɗa mata ƙyalle ko robar tayar keke ta yi kauri, riƙon zai yi sauƙi. Tela ya gyara almakashinsa ya sa masa mai. Ɗan acaɓa ya sassauta damƙar kan babur, ya sa safar hannu mai kauri, ya kuma duba ko tsayin kan ya sa wuyan hannunsa na zama a karye. Mai kifin ƙanƙara ya sa safa ya riƙa ɗumama hannu. Iyayenmu mata su riƙa sauya hannu, su raba wanki kashi-kashi, a kuma bar wa yara matsa. Kowa dai, bayan kamar rabin awa na aiki iri ɗaya, ya tsaya minti 1 ko 2 ya yarfe hannu. Masu gida kuma su bar yaran shago su yi wannan hutun, kada a ɗauke shi lalaci.

Na uku, mai ciwon suga ya riƙe sugansa, mai ƙiba ya rage, domin in tushen yana nan ganye ba zai daina tohuwa ba.

Iyakar abin da motsin zai iya

A nan ne muke so a buɗe kunne sosai. A 2012 masana sun tattara gwaje-gwaje 16 da aka yi a kan motsa hannu don wannan ciwo, suka ga hujjar amfaninsa kaɗan ce kuma ba ta da ƙarfi. Ma'ana, taimako ne ga wanda ciwonsa ke farko-farko, mai zuwa yana tafiya, kuma ya fi kyau a haɗa shi da ɗaurin dare da gyaran aiki. Ba ya cin ko kwabo, haɗarinsa kaɗan ne in an yi shi a hankali, shi ya sa ake farawa da shi. Amma ba zai faɗaɗa ƙashi ba, kuma ba zai ta da jijiyar da ta daɗe a matse har ta lalace ba.

Saboda haka ga alamomin da in an gan su a nufi asibiti. In mutuwar yatsun ta zama dare da rana ba ta sakewa. In tudun naman gindin babban yatsa ya fara lotsawa, a haɗa hannu biyu a gwada za a gani. In babban yatsa ya kasa taɓa kan ƙaramin yatsa da ƙarfi, ko kaya suna yawan faɗuwa. In an yi mako 6 ana motsi da ɗauri babu sauƙi. Naman nan in ya riga ya zube, ko an yi aiki ba lallai ne ya dawo duka ba, jin yatsu ma haka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A asibiti za a auna suga, wani lokaci a yi gwajin saurin saƙo a jijiyar da 'yar wutar lantarki marar cutarwa. Ana iya yin allurar sitiroyid a wuyan hannu, wadda kan ba da sauƙi na makonni ko watanni, ko da yake ga mutane da yawa ciwon yakan dawo. In ya yi tsanani sai a yi ƙaramin aiki, a tsaga tantanin nan da ya rufe kwalbatin don jijiya ta sami sarari. Aikin kamar minti 20 ne, hannun kawai ake kashewa da allura, mutum yana farke, kuma ranar yake komawa gida. Aiki marar nauyi ana komawa cikin 'yan makonni, na ƙarfi irin na mahauta yakan ɗauki fiye da haka.

Kada tsoron wuƙar likita ya sa mu zauna. A ƙasar Holan an yi wani gwaji da aka bayyana a 2002, a kan mutum 176, aka raba su biyu, wasu ɗauri wasu aiki. Bayan wata 3, kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun sami sauƙi, na masu ɗauri kuwa kashi 54. Bayan wata 18 ya zama kashi 90 da kashi 75, kuma a lokacin kashi 41 na masu ɗaurin su ma sun riga sun je an yi musu aikin. Kun ga ke nan ɗauri yana wadatar da wasu, amma da yawa sai da aiki, kuma aikin yana ci. Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen ƙashi da na gashi. Akwai asibitocin ƙashi na ƙasa a Igbobi ta Legas, da Inugu, da Dala a Kano, ga kuma asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ibadan.

Sannan muna roƙon jama'a a guji abu biyu. Na ɗaya, tsaga ko sakiya ko lalas a wuyan hannu ta ciki. Jijiyar nan da jijiyoyin jini suna kusa da fata a wurin, aska ko ƙarfe mai zafi na iya yi musu lahanin da ba ya gyaruwa. Wanzamanmu da ke nan, don Allah in an kawo muku irin wannan ku tura asibiti. Na biyu, haɗe-haɗen ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda a tasha da kasuwa. Maganin kashe zafi ba ya cire matsin da ke kan jijiya, yawan shansa kuma yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, in kuma akwai sitiroyid a cikin haɗin yana ta da suga da hawan jini.

Shawararmu ga ƙungiya

Muna ba shugabanni shawara uku. A nemi ma'aikacin sashen gashin ƙashi ya zo taro na gaba ya duba yadda muke yin motsin ya gyara mana, domin gani ya kori ji. A ware zama na musamman ga mata a sami mace ta koya musu, tun da su ciwon ya fi kamawa kuma su suka fi yin shiru da shi. Sannan asusun taimakon juna ya duba yiwuwar tallafa wa ɗan ƙungiyar da likita ya ce sai an yi masa aiki, musamman a makonnin da ba zai iya fita sana'a ba, domin rashin abin da za a bar wa gida shi ne yake hana da yawa zuwa asibiti har lokaci ya ƙure. Sarkin pawa da shugabannin teloli da na 'yan acaɓa kuma, kowa ya kai wa mutanensa abin da ya ji.

 Waɗanda ke fama da wannan ciwo Allah Ya ba su lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.